Fatalwar da Aka Gani a Dugabau

Tun ina amarya ake cewa fatalwar Haladu ta fito a Dugabau. Wai a bazarar shekarar da aka gama yaƙin basasa, mata masu zuwa rijiya sun riƙa ganinsa zaune a gindin wata tsamiya a bayan gari, rigar soja a kafaɗa, ya rame ya zama ƙashi, yana kallon hanyar Gwarzo. Wata 'yar Getso da ke aure a can ta rantse ta gaishe shi ya amsa. Wani mai tallan gishiri ya ce har ruwa ya roƙe shi, ya ba shi a buta, bai gane ko wane ne ba sai da ya yi nisa, ya zubar da kayansa ya ruga. A gidanmu ba a yin zancen. In wata baƙuwa ta ɗauko shi, sai tsofaffi su ce a yi a'uziyya, wanda ya mutu a daji ba a yi masa sutura ba haka yake yawo. Ni kuwa lokacin na fito daga kwalejin horon malamai kaina a sama, na ce camfi ne, na wuce. Shekara hamsin da biyar ina cewa camfi ne.

Sallama gare ku 'yan matan wannan shafi, da iyayenku da ke karantawa a ɓoye. Masu ƙorafin cewa labarina babu soyayya, ku daure ku karanta na yau. Akwai ta, sai dai ba irin wadda zan so wa ɗayarku ba ce.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Halima Sa'adiya, a Gwarzo nake, shekarata saba'in da huɗu, na yi talatin da biyu daga ciki ina koyar da tarihi da labarin ƙasa. Mijina Halilu ɗan wan babana ne, gida ɗaya muka tashi, yau shekara shida da rasuwarsa. Haladu ƙaninsa ne. Ya tafi soja a daminar 1968, ya bar matarsa Gwamma da ciki, aka kawo labarin an kashe shi a wani gari da ake kira Uzuakoli a ƙasar Ibo. 'Yar da aka haifa a bayansa ita ce Uwaliya. Da Gwamma ta fita takaba ta yi wani aure a Getso, aka yaye yarinyar aka ba ni. Ni na yi mata kitso, ni na kai ta makaranta, ni na kai ta ɗakin miji. Inna take kirana.

Uwaliya yanzu ta yi ritaya daga aikin jinya, kuma tun da Gwamma ta rasu bara ta ɗaura ɗamarar sai ta je ta ga inda ubanta ya faɗi. Wata uku ke nan falona ya koma ofishin tafiya. Ta kwaso tsohon littafin taswirata mai yagaggen bango, ta shimfiɗa shi a kan teburin cin abinci, muka bi hanya da jan biro: Zariya, inda aka horar da su, sannan Lafiya, Makurɗi, Otukpo, Nsukka, Enugu, Okigwe, har Uzuakoli, mu ƙare a gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Ɗana Muntari zai tuƙa mu a motarsa. Wani ɗan garin Mainika mai sayar da albasa a can ya yi mana alkawarin masauki da wanda zai yi mana tafinta. An yi dambun nama bokiti guda, an daka garin kunu, an ware maganin hawan jinina a wata 'yar jaka ta daban. Wayata kuwa ba ta hutawa.

"Inna, Muntari ya ce a canja taya biyu kafin Asabar."

"Inna, a can har yanzu ruwa ake yi, na sayo miki takalmin roba, lamba arba'in ko?"

"Inna, tela ya gama. Kore ce shar. Kada ki ce komai."

Anko ta yi mana, jama'a. Atamfa iri ɗaya, riga da zani da ɗankwali, kamar masu zuwa kamun amarya. Na ce mata a duk karatun tarihina ban taɓa jin an je filin yaƙi da anko ba. Ta ce to za a ji a kanmu, ubanta bai taɓa ganinta ba, ba za ta je masa da tsumma ba. Na yi dariya a gabanta. Da ta fita na shiga banɗaki na saki famfo don kada a ji ni.

Ga abin da ya sa. Uwaliya ba kallon daji za ta je yi ba. Ta gaya mini da bakinta, muna tsinke zogale a tsakar gida, cewa za ta je ne ta tsaya a wurin ta ce masa ta yafe masa. Ta ce tun tana firamare in faɗa ya haɗa ta da yaran gidan, abin da ake jifanta da shi ke nan, 'yar ɓarawon takarda. Kowa a danginmu ya san labarin: Haladu ya buɗe akwatin wansa, ya saci satifiket ɗinsa na firamare, ya shiga soja da sunan Halilu, ya gudu ya bar mace da ciki. Ta ce ta yi shekaru tana jin haushinsa, yanzu ta gaji, tana so ta sauke kafin ta bi shi.

Haladu bai buɗe akwatin kowa ba. Ni na buɗe.

Ban taɓa rubuta wannan jimla ba sai yau. Bari in gaya muku yadda aka yi, ba tare da na yi wa kaina kwalliya ba.

Shekarata goma sha bakwai, na zo hutun damina. Halilu yana aikin akawu a wurin awon gyaɗa. Duk gidan an san ni za a ba shi, kuma ba wanda ya tilasta ni, ni ce ma nake ƙirga kwanaki. Shi ne mai tsayawa a tasha duk ranar da motar 'yan makaranta za ta iso, ya yi kamar wani aiki ne ya kai shi. Shi ne mai gyara mini alƙalami in ya toshe, ya dawo da shi a naɗe cikin takarda, a jikin takardar ya rubuta layi ɗaya, kullum layi ɗaya, yawanci a kan ruwan sama ko farashin gyaɗa, ni kuwa in karanta shi sau ɗari. A wannan hutun ya ce mini zai shiga soja. An gaya masa masu takarda a ofis ake ajiye su, kuma Baffa Malam, wato mahaifinsu Malam Zainulabidin, ya amince a kan haka. Ni kuma daga makaranta nake, inda a zango ɗaya aka kira 'yan ajinmu uku ofis aka gaya musu yayyensu sun mutu, kuma biyu daga cikinsu masu takarda ne. Na roƙe shi, ya yi dariya, ya ce yaƙin ba zai kai sallah ba.

Na san inda yake ajiye mabuɗi, a ƙarƙashin buzun sallarsa. Ranar da aka aike ni kai masa abinci ba ya nan, na buɗe akwatin ƙarfen, na zare takardar daga cikin wani littafi, na cusa ta a zanina. Sai tsoro ya kama ni. In an yi bincike ɗakin mata za a fara. Wuri ɗaya ne a gidan da ba mai taɓawa, gafakar Haladu, jakar fatar da yake ajiye Alƙur'aninsa.

Haladu shi ne Baffa Malam ya zaɓa ya gaje shi a makaranta. Ya sauke, ya haddace, rubutunsa kamar an buga. Kuma shi ma yana son soja, so na hauka. Mako biyu kafin nan ya je wurin ɗaukar sojoji aka koro shi, domin Baffa ya riga ya aika a gaya musu kada a karɓi wani Haladu ɗan Malam. Duk gidan an sha dariyar wannan korar. Ni ma na yi.

Na same shi a bayan gida yana dafa tawada a wani fasasshen kasko. Na miƙa masa, na ce ya ɓoye mini a gafakarsa sai bayan sallah. Ya goge hannu a riga, ya buɗe. Bai iya boko sosai ba, amma ya san hatimi. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗago.

"Sa'adiya, kin san abin da kika ba ni?"

Na ce, "Takarda ce kawai."

Ya ce, "To." Ya yi murmushi, ya ninke ta.

Na sani. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina yarinya ce ni, ban yi tunani ba. Ƙarya ne. A daidai lokacin da ya yi tambayar na ga abin da zai faru tiryan-tiryan, kuma hannuna yana kusa da nasa, da na so da na karɓe. Na auna su biyun a zuciyata na zaɓi nawa. Bayan kwana huɗu aka wayi gari babu Haladu. Baffa Malam ya tara gida a zaure, ya ce ɗan da ya buɗe akwatin ɗan'uwansa ɓarawo ne, kada a ƙara kiran sunansa a gabansa, kuma Halilu ba ya zuwa ko'ina. Ina bayan ƙyaure cikin mata, Gwamma tana kuka a kafaɗata. Na samu abin da nake so. Na zauna da Halilu shekara arba'in da tara, kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba.

To, ran Talatar da ta wuce, saura kwana huɗu mu tashi, Uwaliya ta saka hoton taswirar a zauren danginmu na WhatsApp tana neman addu'a. Sai wata tsohuwar surukarmu ta Kabo, Zulaihat, wadda bakinta ba shi da birki, ta turo saƙon murya tana dariya har da tari. Wai mu da za mu ƙetare kogi neman Haladu, mu fara biyawa ta Dugabau mu gaida fatalwarsa, ta fi kusa kuma ba a sha mai. Yara suka cika wurin da fuskokin dariya. Uwaliya kuwa sai ta turo mini ni kaɗai: "Inna kin gani ko? Har yau abin wasa ne."

Na idar da azahar na zauna a kan sallaya da maganar. Abin da na yi shekara talatin da biyu ina koya wa 'ya'yan mutane shi ne, in an ba ka labari ka tambayi wa ya gani, a ina, me ya sa a can. Ban taɓa yi wa wannan labarin tambayoyin ba, na dai kira shi camfi na rufe. Ranar na yi. Mutum uku ko fiye, waɗanda ba su haɗa komai ba, sun ga abu ɗaya a wuri ɗaya. Na ce ban yarda da fatalwa ba, to me suka gani? Fatalwa tana ramewa? Tana jin ƙishirwa? Kuma in ma tana yawo, me zai kai ta Dugabau, inda Haladu ba shi da uwa ba shi da gona, ta bar Gwarzo inda aka binne cibiyarsa? Wa yake da shi a Dugabau?

Mutum ɗaya. Kofur Ƙasim, abokin yaƙinsa, wanda ya dawo da rauni a 1969 ya durƙusa a zauren Baffa ya ce a gabansa Haladu ya cika. Uwaliya ta je wurinsa watannin baya, shi ya ba ta sunayen garuruwan. Ta ce mini tsohon ya riƙa cewa kada ta wahalar da kanta, ta ɗauka tausayin tsufa ne. Ni kuwa tun da nake ban taɓa yarda mun haɗa ido da shi ba. Ko a gidan rasuwa na hango shi sai in canja ƙofa. A ranar na gane ba ilimi ne ya sa na ce camfi ba. Ban so in sani ba ne.

Da safiyar Laraba na ce wa Muntari ya kai ni Dugabau, ina so in tabbatar da wata hanya a taswira. Ya ce ai waya tana nuna hanya yanzu, Hajiya. Na ce wayar tana wurin lokacin da aka yi yaƙin? Ya ɗauko mabuɗi. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. An fara yankan gero, dawa ta sunkuyar da kai, wake ya rufe ƙasa. Muntari yana ta lissafa inda za mu kwana da inda bai kamata dare ya same mu ba, ni ina cewa to.

Mun sami Kofur a zaurensa yana tufka igiya, ya maƙale bakin ramar a babban yatsan ƙafa. Kunnensa na hagu ya mutu tun a yaƙin, sai ka zauna ta dama. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya ƙarfin jiki, ya aka ji da damina, ya haƙurin waɗanda aka rasa, ya tambayi jikokina har da waɗanda bai san sunansu ba. Surukarsa ta kawo fura. Na ce wa Muntari ya je ya duba tayoyin nan nasa, ya gane, ya fita.

Kofur ya dube ni ya ce in zawarci ya kawo Malama mai jan biro to ta makara, haƙori uku suka rage masa kuma biyu suna girgiɗi. Na ce masa ko da suna talatin da biyu ban ga abin ɗauka ba, mutumin da sai an yi masa shela kafin ya ji ana sonsa. Ya yi dariya har igiyar ta suɓuce. Na bari ya gama, na matso ta damansa.

"Kofur, fatalwa tana shan ruwa?"

Ya sunkuya ya ɗauki igiyar, ya daɗe yana neman bakin zaren da yake a fili. Sannan ya ajiye ta gefe. Ya ce shekara hamsin da biyar ba wanda ya zo ya tambaye shi, kowa dariya yake yi ko a'uziyya. Ya ce Baffa Malam ya sa shi ya dafa Alƙur'ani kan ba zai buɗe baki ba muddin Gwamma tana numfashi, kuma da ta rasu ya yi niyyar gaya wa Uwaliya, amma da ta zauna a nan inda nake zaune, da idon ubanta, sai ya ji kansa yana lissafa mata garuruwa.

Ga abin da ya gaya mini. A kusa da Uzuakoli wani abu ya faɗo a tsakiyarsu, ya ga Haladu a ƙasa ciki a buɗe, aka ce a ja da baya, ya ja. Haladu yana numfashi lokacin da ya bar shi. Da ya iso Gwarzo Baffa Malam ya tambaye shi ko ya ga cikawarsa da idonsa, kunya ta hana shi cewa ya bar shi da rai, ya ce ya gani. A kan maganarsa shi kaɗai Baffa ya sa aka yi sadaka, Gwamma ta shiga takaba, daga baya Baffan da kansa ya ɗaura mata aure. Ashe wasu sun tsinci Haladu, ya yi kusan shekara daga wannan asibiti zuwa wancan, duk a kan sunan Halilu, ba wanda ya san inda za a aika. Da aka sallame shi ya iso tashar Kano, ya haɗu da wani ɗan Getso da bai gane shi ba, ya tambaye shi labarin gidan Malam Zainulabidin, mutumin ya ba shi duka, har da auren. Shi ya sa bai sauka a Gwarzo ba. Mota ta ajiye shi a Kabo, wani mai jaki ya kawo shi ƙofar Kofur. Raunin bai taɓa rufewa ba.

Kofur ya hau keke ya je ya gaya wa Baffa. Washegari da hantsi Baffa ya iso, shi da Halilu.

Na ce, "Da wa?"

Ya ce, "Da mijinki, Hajiya. Kina amarya lokacin."

Ya ce Baffa ya zauna a bakin tabarmar da Haladu yake kwance. Gwamma tana da cikin wata shida a gidan wani, a kan hukuncin da shi ya yanke da shaidar mutum ɗaya, kuma ya san abin da littafi ya ce, matar da aka kawo wa labarin mutuwar da ba ta faru ba, in mijin ya dawo tasa ce. Haladu ne ya sauƙaƙa masa. Ya ce a bar ta inda take, ya sake ta, kada a gaya mata, kada ta ji kunyar abin da ba laifinta ba. Baffa ya ce to ya zauna a nan ya warke, sannan a san yadda za a gaya wa mutane. Abu ɗaya Haladu ya roƙa, a kawo masa 'yarsa ya gani. Baffa ya ce a bari ya ji sauƙi, Halilu ya ce in sha Allahu shi zai kawo ta. Tun daga ranar in ya samu ƙarfi sai ya dafa bango ya fita gindin tsamiya, inda ake hango mai zuwa daga yamma.

Na tambaye shi maganar takarda.

Ya ce Baffa ya yi tambayar a gabansu. Baffa ya ce wa Haladu, na san ka, ko murfin tukunya ba ka buɗewa sai an ce ka buɗe, wa ya buɗe akwatin? Haladu ya ce shi ne. Baffa ya sake tambaya, ya ce shi ne. Ya tambaya karo na uku, ya ce masa ka tuna inda kake kwance. Haladu ya ce, ni ne, Malam, a yafe mini.

Kofur ya juya kwanon furar da bai sha ba. Ya ce amma shi a can, wata rana suna cikin rami ruwa yana dukansu, Haladu ya gaya masa wata 'yar makaranta ce ta ba shi. Bai faɗi suna ba.

"'Yar makaranta ɗaya ce a gidanku lokacin," in ji shi. Bai kalle ni ba.

Na tambaye shi ko Halilu ya sani. Ya ce wannan Allah kaɗai ya sani, shi dai bai gaya masa ba, kuma Halilu bai tambaya ba, yana tsaye ne a bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Sai na tuna wata rana a bazarar nan da Halilu ya ce mini aiki zai kai shi Kabo. Ya dawo bayan la'asar da jar ƙasa a gwiwoyin wandonsa da bakin hannun riga, bai ci abinci ba. Ni na wanke kayan. Har tsiya na yi masa, na ce akawu ya koma gini.

Kwana ashirin da uku Haladu ya yi a gidan ya rasu. Baffa ya yi masa salla, da Halilu, da Kofur, da wasu dattawa huɗu da aka ce wa baƙon soja ne ɗan ƙasar Katsina.

Na ce ya nuna mini. Ya ɗauki sandarsa, muka bi ta bayan gari a hankali, tsofaffi biyu, Muntari yana binmu daga nesa bai san abin da ake ciki ba. Tsamiyar an sare ta tuntuni, an yi shagon cajin waya a wurin. A bakin maƙabarta na tsaya, ban shiga ba. Kofur ya nuna wani marke da sanda, ya ce daga gindinsa taku bakwai gabas. Babu alama, ciyawa ce kawai ta kai gwiwa. Na buɗe baki in yi addu'a, sai na ji ina cewa Haladu, Haladu, kamar mai kiran yaro cin abinci.

A hanyar dawowa Muntari ya tambaye ni ko hanyar taswirar ta yi daidai. Na ce akwai gyara. Wayata ta yi ƙara sau uku a jaka. "Inna kina ina?" "Inna na kawo ɗinkin ki gwada." "Inna na rubuta abin da zan ce masa, ki duba mini kuskure."

Ba zan ɓoye muku ba, daga Kabo zuwa Gwarzo na yi ciniki da kaina. Na ce in yi shiru mu tafi, ta tsaya a dajin Uzuakoli ta yafe masa ta samu sauƙi, ai a can aka harbe shi, ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Na ce ko in gaya mata rabi, kabarin kawai, ta yi kuka a jikina, in rarrashe ta, in ci gaba da zama Innarta. Kofur ba zai faɗa ba, duk sauran sun mutu. Ba ni da 'ya mace sai ita. Ita take yanke mini farce, ita ta san wane magani ne na safe, kuma ita na sa a raina za ta yi mini wanka. Sai na ga shekara hamsin da bakwai bayan tawadar nan, ga ni a cikin mota ina sake auna mutum biyu don in zaɓi kaina.

Na same ta a falo a zaune a ƙasa, jakunkuna a jere, atamfar nan kore a kan kujera an goge ta, taswira a buɗe. Ta sa tabarau tana karanta wata takarda da leɓɓanta. Ta yi mini sannu da zuwa, ta ce na yi baƙi da rana, ta tashi za ta kawo ruwa. Na ce ta zauna. Ta miƙo mini takardar tana 'yar dariya, ta ce kada in sa mata jan biro da yawa. Na ga layin farko, Baba, ni ce Uwaliya, na zo in ce na yafe maka. Na mayar mata, na cire takalmi, na zauna a ƙasa a gabanta, abin da gwiwoyina suka shekara ba su yi ba.

Ta ce, "Inna, lafiya?"

Na ce, "Uwaliya, babanki bai mutu a Uzuakoli ba. Ya dawo da rai bayan yaƙi, ya yi kwana ashirin da uku a Dugabau yana jiran a kai masa ke, ba a kai ki ba. A can kabarinsa yake. Kuma bai saci takarda ba. Ni na buɗe akwatin, ni na ba shi, kuma na san zai tafi."